Na kai tsohon bais ɗin babanmu gyara Panteka, ga yanda ta kaya

Jama'a sallama. Tun watan jiya abokan sana'a suke ta tambayata wai ya aka ƙare da bais ɗin nan, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a benci ya cije abu ya riƙe maka, da suka ga na ɗora a keke napep na nufi Panteka, kasuwar masu aikin ƙarfe ta Kaduna, da shi, to ga bayanin nan gaba ɗaya har da inda raina ya ɓaci, dan duk mai irin shi a yashe a bayan shago ya san abun da zai tarar in ya kai.

Ni gyaran janareta da injin ban ruwa nake yi a nan Kaduna, kuma duk mai irin aikinmu ya san in babu bais a kan benci to kaman mai hannu ɗaya kake, zaka yanke bolti ko ka goge wani abu da magagari sai ka sa yaro ya riƙe maka da filaya, abu yana zillewa kana masifa yaro yana kumbura. Nawa gado ne. Samfurin Record ne lamba 5, faɗin bakinsa inci 5, aikin garin Sheffield na Ingila, kamfanin C & J Hampton da aka kafa tun 1898 su ne masu yin shi a wancan zamanin. Marigayi babanmu ya saye shi a gwanjo lokacin da masaƙun Kakuri suka fara durƙushewa ana fitar da kayan aiki, kuma a lokacin ma tsoho ne. Nauyi kam ba'a magana, ni kaɗai in na ɗaga shi sai na ji a ƙuguna.

Ni na kashe shi da hannuna, gara in faɗi gaskiya. Wata rana ina so in danna beyarin a jikin shaf ɗin wani famfo yaƙi shiga, sai na zura fayif mai tsawo a hannun bais ɗin na hau kai da duk ƙarfina, kawai naji ƙas. Ko da na duba ya tsage a wuya, daidai inda bakin da yake tafiya ya haɗu da doguwar jikin da ke shiga ciki. Bai rabu biyu ba amma tsagar ta kai tsawon ɗan yatsa. Na kai wa wani mai walda a layinmu ya ɗauko rodin da yake haɗa ƙofa da taga ya zuba mai, minti goma ya gama ya karɓi kuɗinsa, ko sati bai yi ba ya sake tsagewa a gefen waldar, ita waldar tana nan daram ƙarfen kusa da ita ne ya buɗe. Daga nan na jefa shi bayan shago damina uku tana dukansa. Ƴan jari bola sun taya a kilo ya fi sau biyar, sau ɗaya har an ɗora a sikeli na tuna babanmu nace a sauke.

Wani kwastomana mai injin niƙa ne yace in kai wa wani dattijo a tsohuwar Panteka, mai injin lez, irin injin nan da ake sassaƙa ƙarfe da shi ana fitar da tiredi, wato zaren jikin bolti. Ba zan faɗi suna ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganata kuma ban nemi izininsa ba. Shagon ɗan ƙarami ne, rufin kwano, ƙasa duk baƙin mai da ɓarɓashin ƙarfe, in baka saka takalmin kirki ba zaka ji a jikinka.

Abun da ya fara burge ni shi ne bai yi maganar kuɗi ba sai da ya duba. Ya sa yara suka ɗora a benci, ya ɗauko ƴar ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa jikin yana kasa kunne, gefe mai lafiya yana ƙara tas, wajen tsagar kuma sautin ya mutu kaman ka bugi fasasshiyar tukunya. Ya kalli tsohuwar waldar ya kalle ni yace "Samari, wa ya yi maka wannan ta'asar?" Nace Baba wani ne a unguwarmu. Yace "Shi ya yi waldar, amma fayif ɗin wa ya saka?" Wallahi ban gaya mai zancen fayif ba, hannun bais ɗin ya gani a lanƙwashe. Yara suka fashe da dariya ni kuma na sunkuyar da kai.

Shi ya min bayanin da ban taɓa ji ba duk shekarun da nayi ina taɓa ƙarfe. Jikin bais ƙarfen zubi ne, wanda suke ce wa kas, narka shi ake a zuba a mazubi, kuma sinadarin gawayi ya mai yawa, ya haura kashi 2 cikin ɗari har zuwa wajen 4, shi yasa baya lanƙwasa sai dai ya karye kaman ƙashi. In ka zo da waldar lantarki da rodin ƙofa wuri ɗaya ne yake ɗaukan zafi mai tsanani sauran jikin yana sanyi, da ya fara hucewa waldar ta tsuke ta ja, gefenta kuma ya riga ya ƙanƙare ya zama kaman gilashi, sai ya tsage. Yace hanya biyu ce, ko rodi na musamman mai nikel wanda yake da tsada kuma na jabu ya yi yawa, ko waldar tagulla da wutar kabad irin ta masu fanel bita. Shi ta biyun ya fi yarda da ita, saboda tagullar tana narkewa a wajen digiri 900 alhali shi kas sai ya doshi 1200, kenan ba'a narka jikin bais ɗin ba, liƙe shi ake.

Na roƙa ya bari in tsaya ranar aikin, ya yarda. Kafin nan sun jiƙa shi kwana uku a cikin rabin duro da gas da baƙin mai saboda tsatsa ta cije doguwar jikin taƙi fitowa, ba duka da babbar guduma, katako suke ɗorawa su buga a hankali har ya saki. Ranar waldar ya fara gurje tsohuwar waldar kaf da giranda, sannan ya huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar, yace ramin ne yake tare ta kar ta ci gaba da tafiya. Ya buɗe bakin tsagar ya yi mata kwari. Sai aka hura gawayi, gawayi sosai kaman za'a gasa rago, aka binne ƙarfen a ciki kusan awa ɗaya yana juya shi da awartaki. Da ya ɗau zafi ko'ina sai ya kunna wutar kabad, yana tsoma sandar tagulla a wata farar hoda yana bin kwarin a hankali, kana gani tagullar tana malala tana shigewa kaman man shanu a kan tuwo mai zafi. Da ya gama bai bari iska ta taɓa shi ba, cikin toka mai zafi aka tura shi aka rufe da yashi yace kar wanda ya buɗe sai gobe. Wani yaro ya zo da ruwa a buta zai wanke hannu kusa da wurin, tsawar da Baba ya daka mai har ni sai da na razana.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma nan ma na ƙaru. Da ma tun kafin ya tsage in ka juya hannun baya sai dogon sukurun ya fito shi kaɗai bakin bai biyo shi ba, sai ka ja da hannu. Ashe a ƙarƙashi akwai sifirin da wosha da wani ɗan fin da ya ratsa sukurun, su ne suke jawo bakin, fin ɗin ne ya karye babanmu ya saka ƙusa, ƙusar ma ta cinye. Ya yi sabo ya saka, shikenan. Dogon sukurun da notinsa na ciki kuwa yace lafiyarsu lau, giris kawai suke so.

Haƙoran baki, wato faranta biyun nan masu zane da suke cizon aiki, sun siɗe sumul kuma sukuru ɗaya ya karye a ciki. Anan ne ya nuna min wani abu. Tsofaffin kayan Ingila tiredinsu na inci ne, Whitworth ake ce mai, tsarin da aka fito da shi tun 1841, ba irin na milimita da ya cika kasuwa yanzu ba. Ya ɗauko bolti mai 5/16 na inci da wani M8 na milimita ya ɗora min a tafin hannu, a ido kaman tagwaye, amma tazarar zaren ba ɗaya ba ce, in ka saka na milimita a ramin inci zai shiga zagaye biyu ko uku sai ya cije, mai gaggawa ya ƙara ƙarfi ya lalata ramin. Wani ya taɓa yin hakan a rami ɗaya na bais ɗina, inaga ma ni ne ina yaro. Ya bi ramukan da taf ɗinsa, abun fitar da tiredi a cikin rami, na inci da yake ajiyewa a wani tsohon gwangwanin madara a naɗe da tsumma, baya ba yara su taɓa. Yace in ka rasa Whitworth to na inci irin na Amurka yakan shiga a yawancin ƙananan lambobi, amma banda rabin inci. Sabbin haƙoran kuma daga sifirin ɗin mota ya yanko su, ya yi zanen, ya ƙona ya tsoma a mai.

To yanzu inda raina ya ɓaci. Yace min kwana 5 ne aikin, sai da ya kwana 17. Sau huɗu ina zuwa, yau babu wuta, gobe janareta ba mai, jibi an kawo aikin gaggawa na wata tirela an ture nawa gefe, waya kuma in ka kira tana ta ringin ba mai ɗauka sai kaje da ƙafarka. Na san halin wuta a garin nan ba laifinsa bane, amma da ya ce min sati uku tun farko da ban ƙona kuɗin keke ba ina rufe shago. Kuɗi ma mun yi da shi dubu 30, ranar ɗauka yace dubu 38 wai haƙoran basa cikin lissafin farko. Ni a fahimtata suna ciki. Ba rasit ba rubutu, magana ce ta baka, dattijo ne sa'an babana ba zan tsaya ina ja-in-ja da shi a gaban yaransa ba, na cika mai dubu 35 yace Allah ya sa albarka. Dan Allah duk wanda zai je ya lissafo aikin ɗaya bayan ɗaya a gaban shaida kafin ya bar wurin.

Sai fenti. Ni ban ma ce a yi fenti ba, wani yaronsa ne ya ga dama ya burge ni ya fesa mai shuɗi, ba ma irin shuɗin Record mai duhu ba, wani mai haske kaman na ƙofar shagon aski, kuma ya fesa har kan doguwar jikin da ke shiga da fita da kan sukurun, wurin da mai kawai ya kamata ya taɓa. Da na kawo shago juyawa yake da ƙyar yana kankare fentin yana tarawa a baki. Yini guda na ɓata da fetur da samfefa ina cirewa. Wurin waldar ma na kankare shi da gangan, na fi so in dinga ganin layin tagullar nan, in ya fara buɗewa in gani da wuri.

Aikin kansa fa, babu ƙarya. Kafin in biya ya yagi takarda ya saka a ƙarshen bakin na dama ya ɗaure, na ja taƙi fitowa, ya maida ta ƙarshen hagu haka nan, kenan bakin yana haɗuwa daidai daga gefe zuwa gefe. Jeka gwada wannan da sabbin da ake sayarwa masu arha, wasu tun a shago zaka ga haske ta gefe ɗaya, ka ɗaga kaji ba nauyi, wani in fentin ya ɓare sai kaga fila aka cike ramuka da ita. Ko sunan Record ɗin ma yanzu yana hannun kamfanin Irwin kuma an daina zuba su a Sheffield, shi yasa masu neman tsohon suke nemansa.

Kuma bai yaudare ni ba, wannan shi ya fi min komai. Yace "Ɗana, zai riƙe maka yanka da guga da kwance noti har ka ba ɗanka, amma wuyan da ya taɓa karyewa ba sabo bane. Ba fayif, ba dukan babbar guduma a kai, bais ba maƙera ba ce. In beyarin zaka danna ka kawo nan akwai fires, injin dannawa." Har ya gaya min yanda zan ɗaura shi, bakin baya ya ɗan leƙo gaban bencin kaɗan dan dogon ƙarfe ya samu sauka ƙasa a tsaye, tsayinsa kuma daidai gwiwar hannuna, da bolti uku masu ratsa katakon ba ƙusa ba.

In maki ne zan ba shi 4 cikin 5, ɗayan na cire ne saboda zirga-zirga da fentin nan. Wanda nashi ya rabu biyu gaba ɗaya ko notin ciki ya fashe ya fara kai wa a duba tukunna kafin ya sa rai, dan a gabana ya mayar da wani mutum da nashi yace kuɗin gyaran ya fi ƙarfin abun, gara ya sayar a kilo. Nawa yau sati shida kenan yana aiki kullum, ranar Asabar ma na yanke shaf mai kauri a kai ko gezau, duk safiya nakan leƙa layin tagullar. Fayif ɗin kuma na ba mai shayin gefenmu ya tokare rumfarsa da shi.