Sharhi: jinyar firgici ta uwa da ɗa a Marwa

Bayan wata shida na zuwa zaman jinyar yara masu firgici tare da iyayensu a wata cibiya a Marwa, ƙasar Kamaru, ga abin da zan ce: yana aiki, amma sai in wanda yaro ke kwana a jikinsa ne ya hau tabarmar.

Alicia Lieberman da Patricia Van Horn ne suka tsara shi a Amurka, domin yara daga haihuwa zuwa shekara 5. Sau ɗaya a mako, kusan awa guda, kuma yakan kai shekara. Babu allura, babu ƙwaya.

A zaman farko ba a kawo yaro. Uwa ake tambaya: me ya gani, yana hannun wa lokacin, yaushe fitsarin kwance ya dawo, yaushe ya daina magana. Ranar da aka shigo da shi, jami'ar da ke jagorantar zaman kan faɗa masa a gaban uwarsa: "Ka ji harbi, kuka gudu da Inna cikin dare, ka ji tsoro. Shi ya sa kake farkawa da kuka." Iyayen da suka gudo daga garuruwan Kolofata ko Mora kan ga wannan kamar fama miki ne, wai ai ƙarami ne, ya manta. Bai manta ba. Ba shi motar wasa da 'yar tsana, za ka ga ya yi ta kifar da motar yana ɓoye tsanar ƙarƙashin zane. Ba a hana shi, uwa ake koya wa ta sa wa abin suna, ta ce masa yanzu tana nan.

Inda tsarin ke cin karo da mu shi ne kunyar ɗan fari. Uwar da ko sunansa ba ta faɗa, a ce ta rungume shi ta yi masa wasa gaban baƙuwa? Sai ta sunkuyar da kai, jami'a kuma ta ɗauka babu shaƙuwa. In kaka ko goggo ce ke riƙonsa, ita za a kawo, a kuma faɗi dalili tun ranar farko.

Tafinta ma matsala ne. Yaro ya faɗi kalma uku da Barbarci, a mayar Faransanci, kafin amsa ta dawo hankalinsa ya koma kan wasa. A nemi jami'in da ke jin harshen gida.

A makonnin farko rigima da kukan dare kan iya ƙaruwa, a nan ne wasu ke janyewa. A daure, a sa ranar da ba ta kasuwa ba, a ware kuɗin mashin na wata guda. Tofi da addu'a ba sa hana zuwa. Amma yaro mai zazzaɓi ko jijjiga, likita zai fara gani.

A kuma tambaya ko jami'i ɗaya ne zai kai ƙarshe. Yaron da ya riga ya rasa wani yana buƙatar a gaya masa ranar sallama makonni kafin ta zo.