Na koyi kwatance da Faransanci ta WhatsApp: abin da na samu da abin da ya rage

Duk mai harkar yadi da atamfa a Kantin Kwari ya san irin baƙin da ke shigo mana daga Nijar da Cadi da Kamaru, har da Afirka ta Tsakiya. Mutanen Maraɗi da Damagaram babu wata wahala tsakaninmu da su, Hausa ce tamu gaba ɗaya. Amma akwai 'yan Injamena da 'yan kudancin Kamaru waɗanda in sun kira ka a waya, ko dai Faransanci ko Larabcin Cadi. Ciniki ana iya yin sa da kalkuleta, ka danna ya danna har a daidaita. Kawo mutum daga bakin titi zuwa ƙofar shagonka kuwa sai da baki. Ga kuma Kwatano ta Jamhuriyar Benin da nake leƙawa saro kaya lokaci zuwa lokaci. Shi ya sa da wani maƙwabcina a kasuwa ya ba ni labarin wani malami ɗan Damagaram mai koyar da Faransanci ta WhatsApp, ya ce har yana da zango guda a kan tambayar hanya da yin kwatance kaɗai, ban tsaya dogon tunani ba na biya. Na gama zangon, na kuma gwada abin a Kano da Kwatano kafin in zauna rubuta wannan.

Tsarin ba shi da wani rikici. Zaure ne na WhatsApp, Malam yana turo darasi da murya bayan sallar isha'i, sannan ya biyo da rubutu: jimlar Faransanci, yadda ake furta ta da haruffan Hausa, sai ma'anarta. Kowane ɗalibi zai naɗi muryarsa ya mayar, shi kuma ya gyara. Kuɗin wata bai kai abin da nake zubawa a katin waya ba, don haka ta fuskar farashi ba ni da ƙorafi.

Darussan farko na gaisuwa ne da buɗe baki. Bonjour monsieur, s'il vous plaît, je cherche le marché, wato barka da rana, don Allah kasuwa nake nema. Sai où se trouve la gare, ina tasha take. Ya ja kunnenmu cewa kada mu tari mutum da tambaya ba gaisuwa, ya kuma ce a ƙasashen nan namu da rana ta karkata bonsoir ake cewa, ba sai duhu ya yi ba. Bai daɗe a nan ba. Maganarsa ita ce, tambaya kowa na iya haddace ta a dare ɗaya, aikin yana wajen fahimtar amsar da za a ba ka, da kuma ranar da kai za a tambaya. A nan na gane mutumin ya san abin da yake yi, domin littattafan da na taɓa saya a bakin titi duk tambayoyi ne jere, ba wanda ya damu da abin da zai biyo baya.

Dama da hagu da miƙewa su suka ci mana mako guda cur. À droite dama, à gauche hagu, tout droit kuwa miƙe sak. Na farko da na ƙarshe suna kama a kunnen sabon shiga, bambancin shi ne a droite ana jin harafin t a ƙarshe, a droit ba a jin sa. Kusan duk ajin a nan ake tuntuɓe. Dabarar da ya yi mana ta burge ni: zai turo murya yana kwatanta wata hanya, ka ɗauki biro da takarda ka zana inda ya bi da kai, ka ɗauki hoton zanen ka tura. Ba fassara yake so ba, zane yake so. In ka sha kwana inda ya ce ka miƙe, zanenka ne zai tona ka. Har yanzu takardun nan suna cikin durowar shagona, bayan wasu tsofaffin rasit ne na yi ta zane a kai lokacin da kasuwa ta yi sanyi da azahar.

Amma inda kuɗina ya fita shi ne darussan alamomin gari. Malam ya ce, a Kano ko Yamai ko Kwatano, wa ka taɓa ji ya yi kwatance da sunan titi da lambar gida? Gaskiya ya faɗa. Mu da gidan mai muke kwatance, da masallaci, da kantin magani, da shataletale, da wata tsohuwar bishiya ko da an sare ta shekaru goma. Saboda haka ya tattara kalmomin da ake jingina wuri da wuri: en face de, yana kallon kaza, à côté de, daura da kaza, derrière, baya, devant, gaba, entre, tsakani, avant da après, kafin ka kai da bayan ka wuce, jusqu'à, har zuwa. Sannan sunayen alamomin kansu: le carrefour mararraba, le rond-point shataletale, le feu danja, le pont gada, la station gidan mai, la pharmacie, la mosquée, l'église, la banque, le goudron kwalta. Bai taɓa ba mu suna tsirara ba, kullum da le ko la a gabansa, domin shi ke nuna ko za ka ce à côté du marché ko à côté de la mosquée. Bai cika mu da nahawu ba, ya dai sa bakinmu ya saba.

Aikin gida kuwa da garinka za ka yi shi. Kowa ya kwatanta hanya daga gidansa zuwa wurin sana'arsa. Wani ɗalibi a Katsina ya yi ta fama da Ƙofar Ƙaura, wata ma'aikaciyar jinya a Sakkwato tana kwatanta hanyar asibitinsu, ni kuma na ɗauki Kano. Le stade est à côté de Kofar Mata. Le marché est près de la grande mosquée de Fagge. Abin da ka riga ka sani da ƙafarka ba ka buƙatar tunanin hanya, harshen kawai za ka yi ta juyawa. Na lura kalmomin da na ɗora a kan wuraren da nake wucewa kullum su ne ba su gudu ba. In na zo danja a kan babur sai in ji bakina yana cewa au feu, tournez à gauche. Da na tura muryata ta farko, amsar da ya ba ni ita ce: «Alhaji, hanyar ta fita, amma ka sassauta. Baƙo kake jagoranta, ba ɗan unguwa ba. Ba shi alama ɗaya, ka bari ya kai, sannan ka ba shi ta gaba.» Wannan shawarar ta wuce Faransanci, ko da Hausa yanzu haka nake kwatance.

Wani zai ce ai sai baƙon ya miƙa wa direban adaidaita sahu waya a yi magana da Hausa. Haka ne, muna yi kuma. Sai dai adaidaita a bakin titi yake sauke mutum, Kwari kuwa ciki abin yake, layi cikin layi, gida bayan gida, bene hawa-hawa, ga 'yan dako da kaya a ka suna neman hanya. Wata hajiya daga Injamena, wadda a da sai na tura yaro ya je ya ɗauko ta, ta kira ni ranar da yaron ba ya nan. Na ce mata ta tsaya ta gaya mini abin da take gani: qu'est-ce que vous voyez devant vous? Ta ce banki. Na ce entrez dans la rue en face de la banque, continuez tout droit. Na yi shiru har ta ce ta shiga. Sannan na ce deuxième entrée à gauche, montez l'escalier, premier étage, au fond du couloir. Ina riƙe da waya a kunne na hango ta ta ɓullo daga matakala, mayafinta ruwan goro, tana waige-waige, sai na ɗaga mata hannu. Ta yi dariya ta ce ashe patron ya iya Faransanci. Ban iya ba, kwatance na iya, kuma shi ake bukata a wannan lokacin. Tambayar nan ta «me kike gani a gabanki» ita ce jimla mafi amfani a duk zangon, don sai ka san inda mutum yake tsaye kafin damarka da hagunka su yi masa amfani.

Kwatano ce ta nuna mini iyakar darasin. In ka shigo daga Najeriya ta iyakar Seme, ta unguwar Akpakpa za ka biyo, sannan ka haye gada zuwa tsakiyar gari, don ruwa ne ya raba birnin biyu. Mutanen garin da gadojin suke kwatance, ancien pont da nouveau pont, wato tsohuwar gada da sabuwar gada, kuma lokacin da na je kasuwar Dantokpa tana gindin sabuwar. Sauran alamomin da ba ka rasa jin su a bakin 'yan acaɓarsu masu rawayar riga, waɗanda ake kira zem, su ne Étoile Rouge, babban shataletalen nan mai jan tauraro da ya samo asali tun zamanin mulkin gurguzu na Mathieu Kérékou, da cocin Saint-Michel, da unguwar Jonquet, da Zongo inda namu suka fi yawa, da filin wasa na Stade de l'Amitié. Duk kalmomin jingina da Malam ya koya mana sun yi aiki tsaf. Na iya cewa après l'église, avant le carrefour, je descends ici, an kuma fahimce ni. Amma da na tambayi wani mai shago hanyar wani ɗakin ajiya, sai ya ce deuxième von à droite. Babu von a darasinmu. Ashe haka mutanen Benin ke kiran layin da ya ratsa unguwa, kuma kusan duk kwatancen garin da ita ake yi, tare da pavé, titin da aka shimfiɗa wa dutsen siminti. Malam mutumin Nijar ne, Faransancin Nijar ya ba mu, alhali ɗalibansa da yawa 'yan kasuwar Kwatano ne da Lome. Ya kamata a ce ya tanadi darasi ko guda a kan kalmomin kowane gari.

Matsala ta biyu ita ce murya. Daga farko har ƙarshe muryar mutum ɗaya muka yi ta ji, a tsanake, kalma bayan kalma. Ɗan zem da ke tsakiyar cunkoso, ga ƙarar injin ga hon, Faransancinsa gauraye da lafazin Fon, harshen mutanen yankin, ba haka yake magana ba. Abin da ya cece ni shi ne parlez doucement, s'il vous plaît, wato yi magana a hankali don Allah, da répétez, wato maimaita, waɗanda Malam ya koya mana tun farko, Allah ya saka masa. Da zai riƙa naɗo muryoyin mutane daban-daban, mace da namiji, ɗan Kamaru da ɗan Benin, a cikin hayaniyar titi, da darasin ya ninka daraja.

Lissafi ma an bar shi sai ƙarshe, an kuma yi shi a gurguje. Kwatance da kuɗin mota tare suke tafiya, kana gama faɗin inda za ka c'est combien, wato nawa ne, ce ke biyo baya. Ya dai yi mana bayani mai kyau a kan yadda Hausawan Nijar ke ƙirga sefa da dala, cewa dala ɗaya faran 5 ce, don haka faran 100 dala ashirin ne, faran 500 dala ɗari, faran 1,000 kuma jaka. Wannan ya warware mini wani ruɗani da na daɗe da shi da abokan cinikina na Maraɗi. Amma trois cents da cinq cents da irin su quatre-vingts da soixante-dix suna bukatar atisaye kamar wanda aka yi wa dama da hagu, ba a kuwa yi ba.

Akwai kuma ɗan littafin da ya turo a waya, wanda ban ga amfaninsa ba. Misalansa duk na birnin Faris ne, jirgin ƙarƙashin ƙasa da hasumiyar Eiffel da gidan burodi, sun saɓa wa hanyar da shi kansa yake koyarwa da baki. Zauren ma yana bukatar tsawatarwa, don wasu kan cika shi da saƙonnin da ba su shafi karatu ba har darasi ya nutse. Gyaran aikin gida wani lokaci yakan kwana biyu bai zo ba, musamman da ɗalibai suka ƙaru.

Duk da haka ina ba da shawarar a shiga, amma ba kowa ba. In Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ce iyakar tafiyarka, Hausarka ta ishe ka, balle ma tun 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wanda zai amfana shi ne ɗan kasuwa mai zuwa Kwatano ko Lome ko Duwala, da direban babbar mota, da mai shago irina da baƙi ke nema a waya. Taswirar waya tana taimakawa a manyan tituna in kana da layin ƙasar da data, amma a cikin kasuwa ko lungun unguwa mutum za ka tambaya. Kafin ka biya kowane malami irin wannan, ka tambaye shi ko zai sa ka yi kwatance da bakinka a kan garinku, ko yana gyara murya ɗaya bayan ɗaya, da kuma ƙasar da ya koyi Faransancinsa. Ni na sake biyan zango na gaba, na ciniki da lissafi, na kuma roƙe shi ya nemo wani ɗan Kwatano ya riƙa naɗo mana murya. Ya ce zai duba.