Silinda ko sukari: sa wa giyar gida iska a zafin Kaduna

Mai haɗa giya a gida a Kaduna, wanda tankinsa na ƙarfe mai lita 19 yake ajiye a ɗaki babu firji, yana da hanyoyi biyu na sa wa giyar iskar kabon, wato iskar da ke sa ta yin kumfa. Silinda, wato tukunyar iskar kabon da ke tura iskar cikin tankin da matsi, tana da sauri, amma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, don haka matsin da ake buƙata yakan ninka na firji, giyar kuma ta fito da kumfa mai yawa. Sukari kuwa, idan an zuba shi a giyar, yis ne ke cinye shi ya fitar da iskar, ɗumin ɗaki kuma yana taimaka masa, sai dai a jira kamar mako 2. Ni na fi son sukari, musamman da hunturu, domin zafin Afrilu yana ɓata ɗanɗano.