Ziyarar Titan Missile Museum da kwanan daji a Arizona: ra'ayina

Kuɗin shiga Titan Missile Museum, gidan tarihin da aka yi a tsohuwar rijiyar harba makami mai linzami na nukiliya, bai tafi a banza ba, in dai mutum zai iya sauka matakala 55 ya kuma hau su. Wurin yana kudu da birnin Tuson a jihar Arizona ta Amurka, a kan babbar hanyar I-19, wadda allunanta ke nuna nisa da kilomita maimakon mil, abin da ya yi mini daɗi ni da ban taɓa sabawa da lissafin mil ba.

Daga sama ba abin kallo: waya, tsakuwa, rana kamar ta tsakiyar Afrilu a Sakkwato. Komai yana ƙarƙashin ƙasa. Amurka ta haƙa irin wannan rijiya guda 54 a zamanin yaƙin cacar baka, 18 a kewayen Tuson, sauran a jihohin Kansas da Arkansas. Wannan ta fara aiki a 1963, aka sallame ta a 1982, kuma ita kaɗai aka bari jama'a su gani. Makami mai linzamin, mai suna Titan II, yana nan tsaye, tsawonsa mita 31, amma ba mai, ba kan nukiliya. An huda kansa, an bar murfin rijiyar a rabin buɗe, don tauraron ɗan adam na Tarayyar Sobiyet ya leƙo ya tabbatar fanko ne.

Ɗakin harbawa ne ya riƙe ni. An ɗora shi a kan manyan sifirin don ya jure girgizar bam. Lokacin da wurin ke aiki, mutum huɗu ke kwana a ciki, awa 24 kafin a canje su. Jagoran da ke zagayawa da mu ya zaunar da wata baƙuwa a kujerar kwamanda don nuna yadda ake harbawa, suka murɗa makullai biyu tare, makullan da aka nisanta su don kada hannun mutum ɗaya ya kai gare su. A wancan zamanin, daƙiƙa 58 bayan murɗa makullan makami ya tashi, ba a tsayar da shi, ba a dawo da shi. Ƙarfin bam ɗin megaton 9, wajen ninki 600 na wanda aka jefa wa Hiroshima, kuma masu murɗa makullin ba su san garin da zai faɗa wa ba. Zagayen bai kai awa ba. Na so a ƙara mana lokaci a ɗakin nan.

Kwana kuwa a daji muka yi, a filin gwamnatin tarayya da hukumar kula da filaye ta BLM ke kula da shi, inda ake kafa tanti kyauta har kwana 14. Ba famfo, ba bayi, sai dogayen murtsunguwa. Ku cika jarkoki tun daga gari, ku kwashe shararku, ku zazzage takalmi da safe saboda kunama. Motar hayar da muka ɗauka gajeriya ce, ta sha duka a hanyar burji. Wanda zai bi sawunmu ya nemi mai tsayin ƙafa, ya kuma sayi tikitin zagayen ta intanet kafin ya taso.