Wata bakwai ina karate da idon da aka yi wa dashe, ga yadda na ga wajen

Tun ranar da na sa hotona da fararen kayan karate da farin bel ban huta ba, kowa sai ya ce ba kai ne aka yi wa aikin ido ba, me ya kai ka wasan duka? Umma ma sai da ta kira ni ta ce "wato kuɗin da aka tara aka kai ka Indiya so kake ka je wani ƙato ya zubar da su da naushi ɗaya ko?" To yau dai bari in zauna in faɗi yadda wajen da nake koyon karate yake, mai kyau da mara kyau, saboda na san akwai irina a garin nan na Kaduna da suke so su motsa jiki amma tsoro ya hana su, akwai kuma waɗanda ba su da tsoron sam, su ne ma suka fi ban tsoro. Ba zan kama sunan wajen ba don akwai abin da zan faɗa da ba zai musu daɗi ba, amma yana ɓangaren Unguwan Rimi, saman wani bene.

Da farko mutane sun ɗauka dashen ido ƙwayar idon ake ƙwaƙulewa a sa wata. Ba haka ba ne. Tantanin nan ne na gaba mai kama da gilashin agogo wanda ya rufe baƙin ido, likitoci suna ce mishi koniya, kaurinshi bai fi rabin milimita da ɗan ɗoriya ba. Nawa na idon hagu ciwon keratokonus ya cinye shi, ya yi siriri ya turo gaba ya yi tsini, har ta kai ko lambar motar da ke gabana ba na iya karantawa. A 2022 aka yanke tsakiyarshi, da'ira wajen milimita 8, duka kaurin, aka ɗora na wani bawan Allah da ya rasu, Allah Ya jiƙanshi ko wane ne, aka kama da ɗinki 16 da zaren da ya fi gashin kai siriri. Zaren nan ɗaya-ɗaya aka dinga cire su, na ƙarshe sai da ya yi wata 20 a idona.

A asibitin ido na ƙasa da ke Mando nake zuwa ana duba ni tun da na dawo, kuma a nan na fara kawo maganar. Na ce likita ina so in shiga karate. Ya ajiye biro ya kalle ni ya ce Malam zauna tukuna. Bayanin da ya min shi ne koniya ba ta da jijiyar jini, shi ya sa take jinkirin warkewa, kuma bakin da aka haɗa naka da na dashen har abada ba zai koma ƙarfinshi na asali ba, kaman buhun da aka yi wa faci ne, ranar da aka danne shi ta bakin facin zai fashe. Ya ce ko bayan shekara 10 ko 20 naushi ɗaya ko yatsa ko gwiwar hannu na iya buɗe wajen, in ya buɗe kuma abin da ke cikin idon na iya biyowa waje, wani ganin ba ya dawowa. Dambe babu, bosin babu, kokawa da judo babu, duk wani abin da wani zai kawo maka duka kai kuma ka kare babu, kuma ba wai sai ka warke ba, babu ɗin kenan. Abin da ya yarda da shi shi ne wanda zan yi ni kaɗai, in daki iska in daki buhu, da gilashin kariya a fuskata. Ya rubuta min a takarda ya buga hatimi. Akwai waɗanda ba duka kaurin aka canza musu ba, wasu saman kawai, wasu shafin baya kawai ta ɗan ƙaramin yanka, su dokarsu ta ɗan fi tawa sauƙi, don haka kar wani ya ɗauki takardata ya ce tashi ce, ka je wajen naka likitan.

Da takardar nan na zaga waje uku. Na farko a Tudun Wada kocin ko buɗe ta bai yi ba ya ce ba komai Alhaji za mu sa maka hular kai, ai jarumta ake koya a nan. Na ce to na gode, ban ƙara komawa ba. Na biyu suka ce gaskiya ba za su iya ɗaukar alhakina ba, wannan ban ji haushinsu ba ko kaɗan. Na ukun shi ne wannan da nake magana a kai, a Murtala Square na fara ganin ɗalibansu wata Lahadi da safe suna atisaye ina zagayen tafiyata, na bi su na tambaya.

Abin da ya sa na biya kuɗi a ranar shi ne sensei ɗin, haka suke kiran babban kocin. Dattijo ne mara hayaniya, salon karate da ake kira Shotokan yake koyarwa. Ya karanta takardar sau biyu, ya tambaye ni wane idon ne, ya tambaya har yanzu ina ɗiga magani, na ce e sau ɗaya a rana. Sai ya ce karate kashi uku ce, kihon wato tushe, tsayuwa da naushi da shuri da karewa, sai kata wato jerin motsin da kake yi kai kaɗai kaman kana faɗa da waɗanda ba a gani, sai kumite wato gwabzawa da mutum. Ya ce biyun farko naka ne har ka tsufa, na ukun ka manta da shi, in ka yarda bismilla in ba ka yarda ba ga ƙofa. Wallahi wannan ga ƙofar ita ta saye ni.

Kuma bai tsaya a baki ba. Ya ba ni wajen tsayuwa na dindindin, ƙarshen layi ta hagu, yadda idon dashen bango yake kallo, ba wanda zai juyo da hannu ko ƙafa ta wannan ɓangaren. Ya ɗaura min jan tef a hannun riga, ya tara aji ya ce duk wanda ya ga jan tef ɗin nan hannunshi kar ya wuce ƙirjin mai shi ko da wasa. In ana dukan fad, wato matashin da wani ke riƙewa ana daka, ni dai in daka, ba na riƙe wa kowa, don ya ce mai riƙewa shi ya fi shan kuskure, ƙafa ta zame daga fad sai fuska. Ranar da ya ga na kai bayan hannu zan murje gumi daga ido daga can ƙarshen ɗaki ya daka min tsawa, washegari sai ga shi da ɗan ƙyallen ɗaure goshi ya ba ni kyauta. Yanzu na haddace katar da ake kira Heian Shodan, motsi 21 ne, na shiga ta biyu, tumbin da madam ke min tsiya a kai ya fara sauka, hawa benen nan ma da nake tsayawa a tsakiya in huta yanzu da gudu nake hayewa. Yaran ajin Kawu mai gilas suke ce min.

Maganar gilas ɗin kuwa sai da na yi asarar kuɗi kafin na gane. Na farko a kasuwa na saya wajen wani mai tebur, ya rantse min na 'yan wasa ne, na kai wa likita ya juya shi ya ce wannan in aka daka shi da kanshi zai tarwatse a cikin idonka, gara ma babu. Wanda ake so shi ne mai ruwan folikabonet, roba ce da ba ta fashewa da sauƙi, da firem mai kauri wanda ya zagaye idon ya zauna kan ƙashin fuska, da igiyar roba ta bayan kai, ka duba jikinshi ko kwalinshi ka ga an rubuta ASTM F803, alamar an gwada shi don wasanni kenan. Sai da na sa aka kawo min daga Legas aka sa min lambar idona a ciki. Matsalarshi ɗaya tururi, in gumi ya taso sai ka koma kaman kana cikin hazo, dole ka fita layi ka goge. A wajen suna sayar da hular kai mai murfin roba a fuska irin ta yara masu kumite, yaron da ke kula da kaya ya so ya tallata min wai da ita zan iya shiga gwabzawa, kar ka saurare shi, likita ya ce duk waɗannan rage haɗari suke yi, ba lasisin karɓar duka ba ne.

To yanzu ga inda suka ɓata min rai, kuma ni ma da laifina a ciki. Wata Asabar sensei ya tafi da manyan ɗalibai gasa, aka bar mataimakinshi, matashi ne mai baƙin bel, ya iya wasa ba ƙarya amma kanshi na rawa. Ya haɗe aji ya ce kowa ya kama abokin yi za a yi sanbon kumite, wato ɗaya ya tako sau uku yana kawo naushi ɗayan yana ja da baya yana karewa, a hankali ake yi ba a taɓa juna. Na ce mishi ni fa ba na yi, ya ce haba Kawu wannan ai ba faɗa ba ne, lissafi ne, ba abin da zai taɓa ka. Mutane sun fi ashirin suna kallona, kunya ta kama ni na shiga. Aka haɗa ni da wani sabon zuwa, ƙato ne wanda bai san ma'anar jan tef ba don ba wanda ya gaya mishi, naushi na biyu tsawon hannunshi ya fi lissafinshi, ji na yi ƙwas a kan firem ɗin gilas, daidai idon hagu.

Ban san sanda na zauna a ƙasa ba. Idon na ta zubar da ruwa, karan hancina ya fashe inda gilas ya danna, ni kuma abin da ke raina kawai ɗinki 16 da filin da aka sayar don a yi min aikin. Wani ya kawo ruwan leda wai a wanke, na ce kar wanda ya taɓa ni, don an riga an gaya min in haka ta faru ba murzawa ba dannawa ba wankewa, a rufe da abu mai tauri wanda bai taɓa idon ba a nufi asibiti. Da gilas ɗin a fuskata aka sa ni a keke har Mando, tafiyar da na sha yi amma ranar ji na yi kaman Zariya za mu. Aka ɗiga min ruwan nan mai ruwan ɗorawa aka haska da shuɗiyar fitila, aka auna ƙarfin idon, Alhamdulillah dashen na nan daram, gilas ya karɓi dukan ya sauke shi a ƙashi. Likitan da ya duba ni ya ce Malam kunya ce za ta makantar da kai ba karate ba. Ya ƙara min yawan ɗiga magani na ɗan lokaci, ya sake nanata min abubuwa huɗun da in na gani kar in kwana a gida, ido ya yi ja, haske ya dinga damuna, gani ya ragu, ko ciwo, don jiki na iya tashi ya ƙi dashen ko bayan shekaru, in an kama da wuri kuma sau da yawa magani na kwantar da shi.

Sensei da ya dawo har gida ya zo ya duba ni, abin da ban zata ba. Mataimakin ya ba ni haƙuri a gaban aji, sabon yaron nan kuwa har yau in ya gan ni sai ya rusuna, alhali shi ba shi da laifin komai. Yanzu an rubuta dokar jan tef an manna a bakin ƙofa, duk sabon zuwa sai an karanta mishi. Na yaba, amma gaskiya abin da ya kamata a yi tun ranar farko ne, don tsarin gaba ɗaya a kan mutum ɗaya yake, ranar da ba ya nan babu shi. Ni dai na daina zuwa Asabar, in na leƙa ban ga takalmin sensei a bakin ƙofa ba juyawa nake.

Sauran ƙorafin ƙanana ne amma ga mai irin idona ba ƙanana ba ne. Hunturun nan ƙura ta cika ɗakin, tagogi biyu gilasansu sun fashe ba a gyara ba, kuma sai an fara taruwa sannan yaro zai ɗauko tsintsiya ya hau share tabarmar roba, fanka na watsa ƙurar, in fito ido ya bushe kaman an zuba yashi. Na yi magana sau uku kafin suka koma goge-goge da jiƙaƙƙen tsumma. Banɗakin sau da yawa ba ruwa, to ni da ba na taɓa kusa da idona sai na wanke hannu da sabulu dole nake zuwa da gorata. In an ɗauke wuta da yamma kuma kafin a ta da janareta sai a ci gaba da atisaye cikin duhu-duhu, ni dai sai in koma jikin bango in tsaya. Kuɗin wata 15,000 ne sau uku a sati, kayan sawa daban, ban ga tsadarshi ba.

In maki zan ba su, ranakun da sensei ke nan 4 cikin 5, ranar da ba ya nan 2 ma don ina jin nauyinsu ne. Wanda aka yi wa irin aikina, in likitanshi ya rubuta mishi ya yarda, ya samu gilas na gaske, kuma zai iya cewa a'a a gaban mutum ashirin, zan ce ya zo. Wanda kuma burinshi ya shiga fili ya kai wani ƙasa a yi tafi, wannan ba wajen ba ne matsalarshi.

Wata mai zuwa za a yi mana jarrabawar canza bel, a ƙa'ida akwai kumite a ciki, sensei ya ce ni zai musanya min da ƙarin kata guda, shi ya sa kullum bayan Asuba nake tsakar gida ina ta ƙirga taku madam na leƙowa ta taga tana dariya. Umma har yanzu ba ta san labarin Asabar ɗin nan ba, tabon karan hancin na ce mata murfin but ɗin mota ne, don Allah 'yan gidanmu da ke karanta wannan ku rufa min asiri.