Wasiƙa daga Iskandariyya kan Takardun Kaya da Biyan Kuɗi

Ranka ya daɗe Kawu, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da iyali, ga bayanin da kuka nema game da yadda kaya ke shigowa Masar, tun da kuna da niyyar turo riɗi daga Dawanau, kuma an ce muku a nan kwamfuta ce ke gama komai har da biyan kuɗi. Akwai gaskiya a maganar, amma ba duka ba.

Tun daga watan Oktoba na 2021 gwamnatin Masar ta wajabta cewa duk kayan da za su shigo ta ruwa sai an yi musu rajista a dandalin kwastan mai suna Nafeza kafin su baro ƙasarsu. Mai saye a nan shi ne zai nemi lambar kaya mai alƙaluma 19, ya aika wa mai sayarwa, shi kuma ya sa ta a kan takardar farashi da takardar lodi, sannan ya ɗora takardun a manhajar CargoX, wadda wani kamfanin ƙasar Sulobeniya ya gina a kan fasahar bulokcen. Fasahar nan kundi ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa lokaci guda, don haka abin da aka shigar ba mai iya goge shi ko sauya shi a ɓoye. Kwantenar da ta iso ba lamba ba a sauke ta, sai dai jirgi ya koma da ita.

A ofishin fiton kaya da nake aiki, amfanin wannan a fili yake. Takardun da a da ake jiran ɗan aike ya kawo su cikin ambulan, wani lokaci jirgi ya riga su isowa ana ta lissafa wa mai kaya kuɗin jinkiri, yanzu suna gabanmu tun kaya na kan teku. Na ga ranar da wani mai sayarwa ya aiko da takarda mai nauyin da bai yi daidai da na takardar lodi ba, daga baya ya turo gyararriya, amma ta farkon ta ci gaba da zama a kundin tare da ranar da aka ɗora ta da sunan wanda ya ɗora, ba wanda ya isa ya ce bai taɓa aiko ta ba. A gida kuwa kun fi ni sanin yadda takarda ɗaya ke bin tebur bayan tebur a Apapa, kowa ya riƙe ta sai an ga idonsa.

Batun kuɗi ne ya bambanta da abin da aka gaya muku. Yarjejeniya mai zartar da kanta, wato wadda ake rubutawa a cikin kundin don ta saki kuɗi ga mai sayarwa da zarar an tabbatar kaya sun iso, ana yawan zancenta, amma cinikin da ke bi ta hannunmu banki ne ke biya, kuma dokar bankuna ta 2020 ta hana hulɗa da kuɗin kirifto ba tare da lasisi ba. A watan Fabrairun 2022 babban bankin ƙasar ya tilasta wa masu shigo da kaya buɗe takardar lamunin banki, wato alkawarin da banki ke yi cewa zai biya mai sayarwa, dala ta yi ƙaranci, kayan biliyoyin dala suka taru a tashoshin ruwa har ƙarshen shekarar da aka janye umarnin. Matsalar ba ta isowar takardu ba ce, abin biya ne babu.

Ko da an fara amfani da irin wannan yarjejeniya, a ganina ba za ta raba ku da dillali amintacce ba, domin kwamfuta ba ta buɗe buhu. Dole wani ya soka hannu ya ga ko riɗin ya bushe, ko an cuɗa shi da yashi, ko awon ya cika, sannan ya shaida wa kundin, kuma in ya yi ƙarya kundin zai adana ƙaryar da kyau kamar yadda yake adana gaskiya. Su ma manyan ba kullum suke dacewa ba, don kamfanin jiragen ruwa na Maersk da kamfanin kwamfuta na IBM sun kafa nasu dandalin na bulokcen mai suna TradeLens a 2018, suka sanar da rufe shi a ƙarshen 2022 saboda bai samu isassun abokan hulɗa ba.

Shawarata ita ce kamfaninku ya yi rajista da CargoX tun yanzu, domin tantancewar na ɗaukar lokaci, kuma kada a ɗora buhu ko ɗaya a jirgi sai lambar nan ta zo hannunku. A kan kuɗi kuma ku tsaya a kan lamunin banki wanda wani banki na biyu ya tabbatar, ku kuma sa kamfanin duba kaya ya auna riɗin a Legas kafin a rufe kwantena. In kun aiko mini da sunan mai sayen, zan bincika muku matsayinsa a nan.