Uludag ko Ifran: ina za a kai yara su taɓa dusar ƙanƙara?

Hajiya, kin ce ku bakwai ne, ke da Alhaji da yara huɗu da kakarsu, kuma yaran sun tasa ku gaba sai sun taɓa dusar ƙanƙara da hannunsu a hutun ƙarshen shekara. An ba ki sunan wurare biyu, Uludag na Turkiyya da Ifran na Maroko, kin rasa na ɗauka. To, ga yadda nake ganinsu.

Mu fara da dusar kanta, tunda ita ta tayar da tafiyar. Uludag dutse ne mai tsayin mita 2,543 da ya yi wa birnin Bursa rumfa, otal-otal ɗinsa kuma suna can sama kusa da mita 1,900. Daga Disamba zuwa Maris ake wasan zamiya a kansa, kuma da wuya ki je a Janairu ki tarar da ƙasa baƙa. Ifran kuwa gari ne, a kan mita 1,665 cikin tsaunukan Atlas. Faransawa suka gina shi a 1929 don su riƙa gudun zafin bazara, shi ya sa gidajensa ke da jan rufi mai tsini kamar a Turai. Sanyi kam akwai shi, don a nan aka auna digiri 23.9 ƙasa da sifili a 1935, mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a Afirka. Amma sanyi daban, dusa daban. Wani makon ta zuba garin ya yi fari fat, wani makon ta narke, sai kun hau mota zuwa Mishlifen, ƙaramin filin zamiyar da ke kusa, ko Allah zai sa a dace. A ƙarshen Disamba, lokacin hutunku ke nan, Ifran sa'a ce kawai.

Hawan Uludag shi kansa rabin yawon ne. Daga gefen Bursa ake shiga teleferik, wato ɗan ɗakin gilashi mai tafiya a kan igiya, kusan kilomita 9. Kuna tashi kina ganin rufin gidaje, can sai bishiyoyi, can kuma sai rassan su fara ɗaukar farin kaya, yara su manne da gilashi su yi tsit. A sama ana ba da hayar jaket da takalma da abin zamiya na roba. Kar ki yi tsimin kuɗin safar hannu mai hana ruwa shiga. Ta ulu ba ta minti goma ta jiƙe sharkaf, daga nan sai kuka. Otal ɗin kan dutsen suna da tsada, ga hayaniyar matasa da dare; ni da a Bursa zan kama masauki, a hau da safe a sauko kafin magariba. A ƙasa akwai Ulu Jami, masallaci mai kubba 20 da aka kammala a 1399, da wankan ruwan ɗumi na unguwar Cekirge wanda gwiwoyin kaka za su gode masa, sannan Iskandar kebab, da ma a garin aka ƙirƙiro shi. Ki dai kauce wa ƙarshen Janairu, lokacin hutun makarantun Turkiyya, layin teleferik sai wanda ya gani.

Inda Ifran ta fi kuwa shi ne wajen kaka. Tafiyar kamar awa ɗaya ce daga Fas, inda zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take. Idan Hajiya babba 'yar ɗariƙa ce, ba sai na ce komai ba, ziyarar nan ta fi mata dusar duniya. Garin Ifran kuwa a shimfiɗe yake, ba hawa da sauka, ana yawo a ƙafa a ɗauki hoto da zakin dutsen da ke tsakiyarsa. Hanyar garin Azru da ke kusa kuma akwai dajin al'ul cike da birai, waɗanda ba su da kunyar fizge abin da ke hannun yaro. Ɗan Larabcin islamiyya ma yana ɗan fitar da mutum a Maroko, a Bursa kuwa sai da waya mai fassara.

Abinci da wurin salla ba abin damuwa ba ne a duka biyun. Biza kuma a fara nemanta tun yanzu.

In ni ce ke, tunda alkawarin dusa aka yi wa yara kuma Disamba ce, Uludag zan nufa: jirgi zuwa Istanbul, jirgin ruwa kamar awa biyu zuwa Mudanya, sai mota zuwa Bursa. Ziyarar Fas a ajiye wa kaka zuwa Afrilu, lokacin da za ta iya alwala ba tare da haƙoranta suna kaɗawa ba.